Jar Fitila a Motar Shitu

Shekara talatin kunnena ne ma'aunina.
In inji ya yi tari na san inda ke ciwo,
in ya yi gurnani na san ƙarfen da ya cinye.
Nakan ɗora sukudireba, in kanga kunne,
in ji duk abin da ke damun mota.

Sai ga Shitu dillalin zoɓo, ran Alhamis,
ya taso daga Maigatari da la'asar sakaliya,
ya shigo garejina a Gagarawa ba ƙara,
kamar kyanwa a kan rairayi.
Kazar maƙwabta ma ba ta ankara ba
sai da taya ta kusa take ta.

Ya ce, "Ilu, leƙo gaban direba."
Wata alwatika ja na harara ta,
gefe ga hoton inji ruwan ɗorawa.
Na ɗaga bonet, na kasa kunne. Shiru.
Ga wayoyi ruwan lemo, kaurin igiyar guga.
Na miƙa hannu, Lurwanu ya cafke ni:
"Oga, ba a taɓa waɗannan, akwai wuta."

Rabinta fetur take sha, rabinta lantarki.
Ni da na saba da majinyaci mai nishi,
yau an kawo mini wanda ba ya ko tari,
sai dai ya zuba mini jan ido.
Wani ɗan acaɓa ya ce a cire kan batir.
Na cire, fitila ta mutu, muka yi dariya.
Shitu bai kai tasha ba
sai ga ta ta dawo, ja wur, a mazauninta.

Asabar na hau motar Kano, sai Ƙofar Ruwa.
Mai shago ya jera mini na'ura uku.
Ta fari kamar kwalin ashana,
da waya ake haɗa ta, kuɗinta na zakara biyu.
Ya ce, "Babu abin da ba ta gani."
Na ce, "Tana shiga babban batir ɗaki-ɗaki,
ta faɗi wanda ya gaji, ta faɗi zafinsa?"
Ya sosa ƙeya. Araha ba ta ado,
inji kawai ta iya karanta.

Ta ƙarshe faɗin allo, kuɗin bijimi,
kuma duk shekara sai ka sake biya.
Na ajiye ta a hankali, kada in fasa.
Ta tsakiya na ɗauka, kuɗin rago biyu,
amma ba na cinikin biri a sama:
sai da aka samo irin motar Shitu a layin,
na ga lambobi sun fito da idona,
sannan na kwance bakin aljihu na biya ta.

Ƙarƙashin sitiyari akwai wata 'yar kafa.
Lurwanu ya soka, ya karanto Turancin,
ni kuwa ina fassara da shekaruna.
Ɗakunan batir duk lafiya, kai ɗaya.
Zafi ne ya yi yawa, fanka ta tsaya.
Muka ɗaga kujerar baya.
Busasshen zoɓo, tsumma, ɓawon gyaɗa,
da sheƙar ɓera, da 'ya'ya huɗu,
a daidai inda iska ke bi ta sanyaya ta.

Shitu ya zauna a kan tsohuwar taya.
Ashe har ya yi wa gonarsa ta fadama kuɗi,
an ce masa sai sabon batir.
Da burushin haƙori muka gama aikin.
Na ce, "Daina danne nan da buhu."

Na'ura ta nuna ɗaki, hannu ya zaƙulo ɓera.
Na naɗe ta a tsohon rawanin mahaifina,
na sa ta a akwati kusa da sukudireba.
Motar ta fita kamar yadda ta shigo,
ni kuwa, don sabo, na bi ta da kunne
har ta ɓace ban ji komai daga gare ta.